Ƙwan Zabi Ɗari da Tamanin da Kwamfutar da ta Ƙi Tashi

Litinin, Talata Mafara

Mun fito gida ƙarfe biyar da rabi na asuba, ni da maigidana Malam Lawali, ana yayyafi. Shi yana riƙe da lema, ni ina riƙe da jaka. A cikin jakar akwai robar sabulu, a cikin robar kuma akwai kwamfuta. Ba ta fi tafin hannu ba. Allo ne kore guda ɗaya, ba gilashi, ba madannai, sai ramukan soka waya a gefe da wurin sa katin memori a ƙarƙashinta.

Ni malamar firamare ce, kuma damina biyu ke nan ina ƙyanƙyasar ƙwan zabi a lokacin hutu. Ƙanena Bashiru ne ya haɗa mini injin da tsohon firji kafin ya tafi aiki Fatakwal. Kwamfutar ce ke kunna fitilun da ke ɗumama ƙwan, ta kashe su idan zafi ya kai, ta kuma karkata farantan ƙwan lokaci lokaci. Ranar Lahadi da la'asar ta tsaya. Jar fitilarta na ci, koriyar da ta saba ƙyaftawa ta ɗauke. A cikin injin akwai ƙwai ɗari da tamanin, kwanansu ashirin da biyu, saura shida su fara fashewa. Sittin ne nawa. Sauran na matan unguwarmu ne, kowacce da alamar da ta yi wa nata da fensir.

Na kira Bashiru. Ya ce in cire caja in mayar, na cire na mayar. Ya ce in cire katin in hura shi in mayar, na hura har na ji jiri. Sai ya ce, "Yaya, wataƙila ta ƙone. Wataƙila kuma ba ta ƙone ba." Na ce na gode da wannan bayani. Ya ce akwai abokin karatunsa a Bakura, Nasiru, mai gyaran waya da haɗa sola, in kai masa. Kafin nan ya koya mini yadda zan haɗa fitilun kai tsaye da batir, da makunni guda.

Makunnin nan muka bar wa Inna, mahaifiyar maigidana. Ba ta karanta lamba, don haka na manna filasta a jikin ma'aunin zafi na ja layi biyu da biro. Na ce idan jan ruwan ya hau layin sama ta kashe, idan ya sauko na ƙasa ta kunna. Ta jawo kujerarta da carbinta ta zauna gaban firjin, ta ce, "Wanga aiki ai kaza ka yin shi ba a koya mata ba. Ku tai." Maƙwabciyarmu Asabe, wadda ke da ƙwai arba'in a ciki, ta ce za ta riƙa karɓarta.

Mun isa tasha shida saura kwata. Motar Bakura ta cika shida daidai, amma direba ya kulle ta ya tafi shan shayi. Maigidana ya tambaye shi me ake jira. Ya ce, "Rana." Ba wanda ya yi gardama. Gero da dawa sun yi tsawo a bakin hanya, kuma saboda 'yan bindiga babu direban da ke son shiga tsakaninsu da duhu. Mun tashi bakwai saura minti goma.

Bakura

Mu huɗu ne a baya, biyu a gaba ban da direba. Wata dattijuwa mai zuwa Birnin Tudu ta ɗora mini ƙwaryar daddawa a cinya tun daga Mafara ba tare da ta tambaye ni ba. Mun bar babban titin Sakkwato a Lambar Bakura ƙarfe bakwai da ashirin, muka shiga gari takwas saura kwata. Tafiyar ba ta kai kilomita talatin ba.

Shagon Nasiru a rufe muka same shi. Muka zauna a bencin mai ƙosai muka karya da kunu. Maigidana mahauci ne, kuma duk garin da ya shiga sai ya je ya ga naman garin. Ya tafi ya dawo ya ce saniyar da suka yanka tsohuwa ce. Nasiru ya zo ƙarfe tara a kan babur, siriri ne mai gilashi. Da ya ji sunan Bashiru sai ya durƙusa ya gaishe mu, aka yi ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mutan Mafara, yaya Inna, duk da bai san Inna ba.

Ya shimfiɗa takarda a tebur ya ɗora kwamfutar, ya gargaɗe mu kada kowa ya taɓa ta idan tana kunne. Ya fara da cajar. Ya ɗora mata mita, ya ce wutar da take bayarwa daidai ce. Duk da haka ya canza wata caja, ya canza waya sau biyu. Jar fitila ta kama, koriya ba ta motsa ba. Ya cire katin ya soka a kwamfutarsa ta cinya, sai ga rubuce-rubucen Bashiru sun fito reras. Ya ce katin lafiya lau yake, kuma ya kwafe shi a wani sabo don tsaro. Ya gwada sabon, shi ma shiru. Ya duba allon da madubin ƙara girma gaba da baya. Daga ƙarshe ya kai ta hancinsa ya shinshina.

Maigidana ya ce, "Ta ruɓe?"

Nasiru ya ce, "Ba ta warin ƙuna."

"To mi ad damuwatta?"

"Wallahi Baba, in na ce ta mutu na yi ƙarya, in na ce tana da rai na yi ƙarya. Sai an samu irinta an gwada katin nan a ciki. In waccan ta tashi, to wagga ce ba ta da lahiya."

Na tambaye shi ina ake sayar da irinta. Ya ce Kano, ko a yi oda ta zo cikin mako biyu. Na ce kwana shida gare ni, kuma tsohuwa na bari da makunni a hannu. Ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce akwai wani Malam Isiyaku a Maradun, tsohon ma'aikacin noman rani, ya taɓa ganin irinta a hannunsa, ana auna ruwan fadama da ita. Ya kira lambarsa sau biyar ba ta shiga ba. Ya ce haka wayar Maradun take, sai dai a je. Ya zana mana kwatancen gidan a bayan kwalin batir. Kuɗin sabon katin kawai ya karɓa, ya ƙi karɓar na aiki, ya ce bai yi aikin komai ba, ya dai gano cewa bai sani ba.

Mun bar Bakura sha ɗaya da rabi.

Mafara kuma, minti ashirin

Babu yadda za a yi daga Bakura zuwa Maradun sai an biyo ta gida. Mun sauka ɗaya saura, muka leƙa. Inna na nan inda muka bar ta, Asabe na juya ƙwan da hannu ɗaya bayan ɗaya. Jan ruwan yana tsakanin layin biyu kamar an ɗaure shi. Inna ta ce, "An gyara?" Na ce an gano caja lafiyarta ƙalau. Ta ce, "Madalla. Cajar za ta kwanta musu?"

Muka yi azahar. Na ga maigidana yana kallon wuƙaƙensa. Gobe Talata, ranar kasuwa, ranar da yake yanka shanu biyu. Na ce ya zauna, zan tafi ni kaɗai. Ya ce, "Hanyar Maradun?" Ya ɗauki lema ya yi gaba.

Hanyar Maradun

Motar ta ɗauki awa guda kafin ta cika. Mun tashi biyu da kwata. Kilomita ashirin ne ko ƙasa da haka, amma ruwan safe ya cika ramuka, direba na ta kewaye su kamar mai tsoron taka wani. Gonakin kusa da titi an nome su, na nesa ciyawa ta cinye.

A shingen jami'an tsaro na biyu aka ce kowa ya sauko da kayansa. Jami'in da ya duba jakata ya buɗe robar sabulu, ya ga allo kore da wayoyi ja da baƙi. Ya ja da baya taku ɗaya. Sauran fasinjojin suka ja taku uku.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Kwamfuta ce."

"Ta mene ne?"

"Ta ƙwai."

Ya kira na gaba da shi. Shi ma ya tambaya, na ba shi amsa iri ɗaya, don ba ni da wata. Na rasa ta inda zan fara bayanin firji. Maigidana ya nemi izini ya ciro wayarsa a hankali, ya nemo bidiyon ƙyanƙyasar bara: firji a buɗe, 'yan tsaki na tattaka juna, kwamfutar na manne a gefe tana ƙyafta koriyar fitila. Babban ya kalla har ƙarshe, ya sake kunnawa. Ya gwada allon da ke cikin bidiyon da wanda ke cikin roba. Sannan ya rufe robar da kansa ya miƙo mini, ya ce, "Tana yin na talotalo?" Na ce tana yi, idan tana da lafiya. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Muka ce amin.

Da muka koma mota wani mutum ya canza wuri, ya bar ni da kujera ɗaya da rabi har Maradun. Mun shiga gari uku da minti ashirin.

Maradun

Kwatancen Nasiru ya kai mu gidan da ba shi ba, amma mai gidan ya raka mu har ƙofar Malam Isiyaku. Mun same shi ya dawo daga sallar la'asar. Dattijo ne kakkaura mai furfura, hannuwansa kamar na maƙeri. Gaisuwa ta ɗauki lokacinta. Aka kawo fura. Sai da muka sha ya yarda a yi maganar abin da ya kawo mu.

Ya shiga ɗaki ya fito da wata kwamfutar naɗe a leda, irin tawa sak. Ya sa katina a cikinta, ya haɗa da batirin solarsa. Koriyar fitila ta fara ƙyaftawa nan take. Ya ce, "To, katinki na da rai." Ya sa nasa katin a tawa, ya riƙe ta a hannu ya soka wuta. Koriya ta ƙyafta. Muka kalli juna. Ya cire, ya sa katina a tawa, kamar yadda take a gida. Ta ƙyafta.

Maigidana ya ce, "Ashe Maradun taka so."

Haushi ya kama ni. Tun asuba nake yawo da ita gari gari, an kusa ɗaukata mai ɗauke da bam, ga ta nan tana ƙyafta ido kamar ba ita ba. Malam Isiyaku ya ajiye ta a tabarma don ya gyara zama. Koriyar ta ɗauke. Ya ɗauke ta, ya sake kunnawa, ta tashi. Ya ajiye, ta mutu. Sau uku ana haka. A na huɗu ya juya ta ya kalli inda babban yatsansa yake. A kan katin yake, ya danne shi.

Ya ce, "Ɗiyata, ga ciwon nan. Bakin da ka riƙe katin ya saki. Damshin injin ya ci ƙarhen. In an danne tana ji, in an saki ba ta ji."

Na ce, "Wato tana aiki muddin akwai mai riƙe da ita."

"Awo."

"Ana iya like shi da dalma?"

"Ana iyawa. Ba da hannuna ba, kuma ba da idona ba. In na kuskure na kashe ta gaba ɗaya."

Maigidana ya tashi ya fita. Bayan minti goma ya dawo da tsire tsinke uku daga tukubar bakin titi. Ya ba Malam Isiyaku ɗaya, ya ba ni ɗaya, ya ci ɗaya. Ya goge tsinkensa, ya fere shi da 'yar wuƙar aljihu har ya zama siriri kamar farce, ya cusa shi tsakanin katin da bakin ƙarfen. Ya ajiye kwamfutar a tabarma ya ɗauke hannu. Koriyar ta ci gaba da ƙyaftawa. Muka zauna muna kallonta minti goma sha biyar, ba ta tsaya ba.

Malam Isiyaku ya ce dabarar ta yi, amma bai yarda da ita ba. Ya ce fankar injin na girgiza, tsinke na iya zamewa a lokacin da ba kowa, ƙwai su huce. Na ce to ya sayar mini da tasa.

Ya ce, "Ba tawa ba ce."

Ya yi mana bayani. Ƙungiyar manoman shinkafa ta wani ƙauye kusa da Dosara ce ta saye ta, shi ya haɗa musu ita tana nuna yawan ruwan fadamarsu. Da 'yan bindiga suka matsa, mutanen suka taso, shi ne ya je da kansa ya kwance ta. Shugaban ƙungiyar bai samu fitowa ba. Matarsa da surukanta mata biyu suna nan cikin gidansa tun lokacin. Ya ce, "Ita za a tambaya."

Ya shigar da ni cikin gida. Sunanta Ige, doguwa ce mai kamar shekara hamsin, na same ta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi duk da ya daɗe, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. Ba ta ɗago ba sai da na ambaci zabi.

"Ƙwan zabi? Nawa?"

"Ɗari da tamanin."

"Kwana nawa?"

"Yau ashirin da uku."

"Jibi ki bar juya su. Ki ƙara musu ruwa, ɓawonsu tauri gare shi." Ta mayar da ido kan faifai. Can ta ce, "Zabi hamsin da biyu na baro. Da sahe na watsa musu dawa, da hantsi munka gudu." Ta tsince tsakuwa biyu ta jefar. "Abin nan mi yaka yi cikin leda? Ki tai da shi ya yi aiki. In sun fashe ki maido."

Lokacin da na fito biyar ta wuce. Maigidana ya je tasha ya dawo, ya ce babu motar da za ta tashi, ko an saye kujerun duka. Wayata ba sandar sabis ko ɗaya. Malam Isiyaku ya ce akwai wani tudu bayan masallaci inda waya ke kamawa idan an ɗaga hannu. Maigidana ya je can ya samu Asabe a waya, ta ce jan ruwan na nan a tsakiya, Inna kuma ta ƙi tashi ko don cin abinci, sai a gaban firjin aka kai mata. Ya kuma kira ƙanensa ya ce ya yanka saniya ɗaya da safe, ta biyun ta jira shi.

Mun ci tuwon shinkafa da miyar kifin dam. Shi ya kwana a zaure, ni a ɗakin Ige.

Talata, komawa gida

Mun fito shida da rabi. Ige ta ɗaure mini hoce, wainar dawa, a leda. Ranar kasuwar Mafara ce, don haka motoci sun yi jerin gwano, na shanu a gaba, mu a baya, kuma kowa ya fi son haka. A shingen jiya jami'in ya gane ni. Ya ce, "Ta warke?" Na ce yanzu biyu ne. Bai buɗe jakar ba.

Mun shiga gida takwas da minti goma. Maigidana bai zauna ba, ya ɗauki wuƙaƙensa ya nufi kwata. Inna idanunta sun yi ja. Na kira Bashiru ya bi da ni waya bayan waya, na haɗa kwamfutar Ige, wannan karon a wajen firjin, nesa da damshi. Fitilu suka kama. Bayan ɗan lokaci suka kashe kansu. Inna ta jira ta ga sun sake kamawa, ta duba ma'aunin da idonta, sannan ta miƙo mini makunnin ta shiga ɗaki. Ba ta farka ba sai azahar.

Ranar Asabar na fara jin ƙwanƙwasa. Zuwa Litinin ɗari da talatin da huɗu sun fito. Sauran wasu ba ɗa a ciki tun farko, wasu sun mutu a ɓawo, kuma ba ni da hanyar sanin ko daren Lahadin ne ya kashe su. Na gaya wa matan haka. Asabe ta samu talatin da ɗaya. Tawa kwamfutar Nasiru ya canza mata bakin katin bayan mako uku. Ya ce da ya taɓa ta a ranar da ya gane, na ce ai shi ya hana a taɓa.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina godiya ga Nasiru, da Malam Isiyaku da iyalinsa, da Asabe, da Inna wadda har yau idan ta wuce gaban firjin sai ta leƙa ma'aunin. Maigidana ya ce kada in sa sunansa, na sa.

Kwamfutar Ige na mayar da ita da kaina bayan kwana goma, da 'yan tsaki ashirin a kwali mai huji. Ta buɗe kwalin ta daɗe tana kallo, ba ta yi godiya ba, ta ce kawai a miƙo mata tsakin gero. Watan jiya Malam Isiyaku ya hau tudun bayan masallaci ya kira ni. Ya ce shaho ya ɗauki biyu, sha takwas sun girma, kuma tun da suka fara kuka ba wanda ke baccin rana a gidansa. Ya ce ya yi wa Ige ƙorafi, ta ce ya yi haƙuri, ita sai yanzu take samun barci.